Wai finafinan gem sun gyaru ne, ko dai kuɗi kawai suka fara kawowa?

Abba Sniper:
Salam jama'a. Nifa akwai maganar da na gaji da ji, duk inda ka leƙa sai ka ga ana cewa wai yanzu an iya mayar da gem fim, wai zamanin shirme ya wuce. Hujjar kuma ɗaya ce kullum, Mario na 2023 ya tara sama da dala biliyan 1.3, Minecraft na 2025 ya haura miliyan 900. To ni tambayata tun yaushe kuɗi ya zama shi ne kyau? Ka cire sunan Mario daga fim ɗin nan ka sa wani ɗan katun da ba wanda ya sani, me ya rage? Labarin a numfashi ɗaya zaka faɗe shi, Luigi ɗan'uwan Mario ya faɗa hannun dodo Bowser, Mario ya tafi ceto shi, Bowser kuma aure yake so, shikenan. Sauran duk tuna baya ne, ga koren bututu, ga motocin Mario Kart, ga kiɗan da ka sani tun kana yaro. A ganina basu gyaru ba, kawai sun gano inda aljihunmu yake ne. Mai ja ya zo.

Bash Kombat:
Ina da ja kuwa. Abba kai matsalarka duk abinda mutane suka so sai ka nemo masa aibu. To shi gem ɗin Mario wane labari gare shi? Tun 1985 abu ɗaya ne, an sace gimbiya, ka miƙe dama kana tsalle har ka isa wurin dodo. Me kake so su yi, su zaunar da Mario yana tunanin rayuwa? Minti 92 ne fim ɗin, yara sun yi dariya manya sun tuna yarinta kowa ya watse lafiya. Masu sharhi a shafin auna finafinai na Rotten Tomatoes basu kai shi kashi 60 ba amma 'yan kallo sun bashi sama da 90, to wa aka yi wa fim ɗin?

Abba Sniper:
Masu sayen tikiti mana. Ai maganata ka maimaita min kawai 😂

Malam Sadi:
Ku yaran nan da kun ga abinda muka gani da baku tsaya wannan musun ba. Abba ka taɓa kallon Super Mario Bros na 1993? Na mutane ne ba katun ba, Bob Hoskins ne Mario, John Leguizamo ne Luigi, Dennis Hopper kuma Koopa, wato Bowser. Duk wanda ya buga gem ɗin ya san duniya ce mai haske, sama shuɗiya, ciyawa kore shar. Su kuwa sai suka kai mu wani birni mai duhu da hayaƙi da ƙazanta, wai wata duniya ce da dainaso suka rikiɗe suka zama mutane. Goomba ɗin nan ɗan guntu mai ƙaton kai da kake takewa, sai suka juya shi, ƙaton jiki cikin doguwar kwat da ɗan mitsitsin kai a sama. Yoshi ya koma ɗan dainaso na gaske ɗaure da sarƙa. Shi kansa Koopa ba kunkuru ba ne, mutum ne sanye da kwat. An kashe sama da dala miliyan 40 bai dawo da uwar kuɗi ba, Hoskins da bakinsa daga baya yace shi ne mafi munin aikin da ya taɓa yi. Sai da aka shekara 30 kafin wani fim ɗin Mario ya sake shiga sinima, kuma wannan karon Shigeru Miyamoto wanda ya ƙirƙiri Mario yana cikin furodusoshi.

To in ka auna da wancan dole ka yarda an matsa gaba. A da masu yin fim ɗin kunyar gem ɗin suke ji, sunan kawai suke saye su lulluɓa wa wani labari na daban. Street Fighter na 1994 ma haka, kowa ya san Ryu da Ken ne a gaba a gem, amma da yake Van Damme suka ɗauko sai Guile ya zama jarumi, Ryu da Ken suka koma wasu 'yan damfara. Abinda ya tsira a fim ɗin nan Raul Julia ne kaɗai da ya fito a Bison, bawan Allah yana fama da ciwon daji a lokacin, ya mutu kafin fim ɗin ya fito, amma in ka kalla zaka ga shi kaɗai ne ya gane irin fim ɗin da yake ciki, yayi ta zuba iya shege da gaskiyarsa.

Bash Kombat:
Allah ya ƙara girma Malam, amma kar ka manta da Mortal Kombat na 1995, wannan kam ya yi. Dala miliyan 20 ko kusa da haka aka kashe ya dawo da sama da miliyan 120

Malam Sadi:
Ya yi, kuma ka san dalili? Gem ɗin gasar faɗa ce, fim ɗin ma gasar faɗa ce, an tara mutane a tsibiri wannan ya kara da wancan. Tsari ne da finafinan kunfu suka daɗe suna yi, ba sai an ƙirƙiro komai ba. Duk da haka sun cire jinin da aka san gem ɗin da shi don matasa su samu shiga. Na biyunsa na 1997 kuma kar ma a tayar da maganar.

Hauwa M.:
Ni kuma ina ga duk kun bar inda gizo ke saƙa. Ba maganar girmama gem ba ce kaɗai Malam. Abinda ke sa gem daɗi fim ba zai iya baka shi ba, don a gem kai ne kake yi. Ku ɗauki Resident Evil na farko na 1996, me ke bada tsoro a ciki? Ba munin zombi ba ne, grafik ɗin lokacin ma dariya zai baka yanzu. Tsoron shi ne harsashi uku ya rage maka, aljihunka gurbi shida ne in Chris ka ɗauka, takwas in Jill ce, dole ka zaɓa tsakanin ganyen magani da makulli, kuma baka isa ka yi sebin ba sai ka samo zaren tawada ka kai wurin tafireta. Kana tsaye a bakin ƙofa kana jin gurnani a ciki kana lissafi, in shiga ko in koma in ajiye kaya tukuna. Wannan lissafin shi ne gem ɗin gaba ɗaya. To a fim wa zai yi lissafin? Jaruma ce zata yi, kai kana zaune ka san ba zata mutu ba tunda hotonta ne a fosta. Shi yasa darakta Paul Anderson bai ma wahalar da kansa ba, ya ƙirƙiro Alice wadda babu ita a gem ko ɗaya, ya bar Milla Jovovich tana taka bango tana shurin kare a iska. Finafinai shida suka yi daga 2002 sun tara sama da dala biliyan 1.2, amma fa fim ɗin faɗa ne, wanda ya je neman irin tsoron gem bai same shi ba.

Nas 47:
Anti Hauwa to ai laifinsu ne da basu bi gem ɗin ba. Da sun bi shi sak da an ga aiki

Hauwa M.:
An bi ai ƙanina. Welcome to Raccoon City na 2021, ga Leon ga Claire ga Chris ga Jill, ga gidan nan ga ofishin 'yan sanda kamar yadda yake a gem, har zombin farko da yake juyo da kai a hankali sun kwaikwaya. Me ya faru? Sun cusa gem biyu a fim ɗaya, ba wanda ka samu lokacin saninsa balle ka damu in ya mutu, kuɗin da ya tara ko kusa da na Alice bai je ba. Wanda ma ya fi nuna abinda nake faɗa shi ne Doom na 2005 mai Dwayne Johnson da Karl Urban. Wajen ƙarshe akwai kamar minti biyar da kyamara ta koma idon jarumin, bindiga a ƙasan allo, ana juyawa ana harbi, sak yadda gem yake. Minti ɗayan farko zaka ce kai, sun burge. Daga nan sai yatsunka su fara ƙaiƙayi, kana so ka juya hagu kyamara ta tafi dama. Kamar mai yunwa ne aka zaunar dashi kallon mai cin abinci.

Injiniya KB:
Na yarda da Hauwa amma akwai lissafin lokaci ma da ba a kawowa. Gem mai labari awa 15 ne in yayi gajarta, wasu 40 wasu sun fi 60. Fim awa biyu. Duk yadda ka kai da iya rubutu sai ka zubar da kashi tara cikin goma, kuma abinda ka zubar ɗin shi ne wanda ya sa ɗan wasa ya shaƙu da mutanen ciki, doguwar tafiya, hirar banza a hanya, mutuwa da sake gwadawa. Warcraft na 2016 Duncan Jones ya ba da umarni, mutumin ɗan gem ɗin ne da gaske ba wai an ɗauko shi haya ba, kuma ɓangaren dodannin Orc su Durotan yayi kyau sosai wlh, amma rabin awar farko sunayen masarautu da matsafa ake ta jefo maka, wanda bai san duniyar ba sai ya ɓace. A Amurka dala miliyan 47 kacal ya samu, Chana ce ta rufa masa asiri da sama da miliyan 200, jimla ya kai wajen 439. Da siris mai dogon zango aka yi shi ina da yaƙinin da yanzu wata maganar ake.

Assassin's Creed kuma a shekarar nan dai, wannan kam har yau haushinsa nake ji. Kowa don me yake buga gem ɗin? Don ya hau rufin gidaje a tsohon zamani ya diro cikin ciyawa. Ɓangaren zamanin yanzu shi ne wanda kowa ke sauri ya wuce. Su kuma sai suka ɗauki mafi yawan fim ɗin suka zuba a zamanin yanzu, Michael Fassbender yana yawo a wani gini mai toka-toka, Sifaniya ta 1492 da muka zo gani sai a ɗan leƙa a dawo. Na'urar Animus da a gem kwanciya kawai ake a kai suka mayar da ita ƙaton hannun ƙarfe mai ɗaga mutum sama, to ana tsakiyar faɗa mai daɗi a da, sai a yanko maka shi yana dukan iska a ɗaki.

Ummi Zee:
Ni fa ban taɓa riƙe fad ɗin buga gem ba a rayuwata, to bari in faɗi nawa a matsayin 'yar kallo zalla. Arcane na kalla ban ma san daga gem aka ɗauko ba sai daga baya. Labarin 'yan uwa mata biyu ne Vi da Jinx da rayuwa ta raba, birnin masu kuɗi a sama na talakawa a ƙasa, ban buƙaci kowa ya zauna kusa dani yana min bayani ba. Haka Fallout, haka The Last of Us. Amma Mario da na kalla da ƙannena sai in ga sun yi ihu ni ban ga abinda ya faru ba, wai wani abu ne ya gifta a bango wanda sai ɗan gem zai gane. To in fim sai ka yi karatun share fage kafin ka ji daɗinsa ni a wurina bai cika fim ba.

Abba Sniper:
Yauwa Ummi Allah ya biya ki. Ga shaida nan daga wadda ba ruwanta

Bash Kombat:
Shaidar me? Ai duk ukun da ta lissafa daga gem suke kuma tace sun yi kyau, to ka ga an gyaru kenan, ka faɗi da bakin shaidarka

Abba Sniper:
Siris ne Bash, siris. Ni fim nace. Ka kawo min fim ɗaya na sinima da zaka ajiye kusa da Arcane ba ka ji kunya ba.

Bash Kombat:
Sonic 3

Abba Sniper:
Haba dai 🤣

Bash Kombat:
Wlh da gaske nake. Ka san inda aka faro kuwa? Afrilun 2019 suka saki tallan farko, Sonic da haƙoran mutum da ƙananan idanu da dogayen ƙafafu kamar wanda ya sa kayan barci, duniya ta yi musu ca har darakta Jeff Fowler ya fito yace sun ji za a gyara. Aka ɗaga fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020 aka sake zana shi, ya fito ya tara sama da miliyan 300. Na biyu 2022 aka kawo Tails da Knuckles, na uku Disambar 2024 aka kawo Shadow da muryar Keanu Reeves aka ɗauko labarin Maria daga Sonic Adventure 2, kuma kowanne yana rage surutun mutane yana ƙara na su Sonic, wato suna jin abinda ake faɗa musu. Ga Jim Carrey yana abinda ya fi iyawa. Ban ce Arcane ba ne, nace fim ne da ya san kansa kuma kowanne ya fi wanda ya gabace shi, nawa ne a Hollywood zaka faɗi haka a kansu

Nas 47:
Kun manta The Witcher, shima daga gem ne kuma sun lalata shi

Injiniya KB:
Witcher daga littafi ne Nas, na Andrzej Sapkowski ɗan ƙasar Foland. Gem ɗin ma daga littafin aka ɗauko, siris ɗin Netflix littafin ya bi ba gem ba.

Nas 47:
Koma dai daga ina ne sun lalata shi. Ni Halo ma ya fi bani haushi, jarumin Master Chief da shekara da shekaru ba a nuna fuskarsa, kashi na farko ya cire hular kwano, daga nan kuma sai yawo yake da fuska a waje. Zango biyu aka yi aka soke shi a 2024, ni ko a jikina

Hauwa M.:
Hular nan ba ita ce matsalar ba, abinda ke bayanta ne. A gem ba a nuna fuskarsa ne don kai ne a ciki. A siris dole ya zama wani mutum daban mai nasa damuwar, to sai an rubuta masa damuwar da zata riƙe mai kallo, su kuma abinda suka rubuta bai riƙe ba. Canji kansa ba laifi ba ne. The Last of Us ma sun canza, a gem ƙurar funfuna ce ke yawo a iska sai an sa takunkumi, a zangon farko na siris suka mayar da ita wasu jijiyoyi masu haɗe da juna a ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya tayar da jijiyar wuya sosai don labarin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma an samu Craig Mazin wanda ya rubuta Chernobyl ya zauna da Neil Druckmann mai gem ɗin.

Amma ko shi ɗin, wanda ya buga ya san akwai abinda ya salwanta. Ƙarshen gem ɗin a asibiti, kai ne kake bin bene kana kashe mutanen da ka san ba mugaye ba ne, ka buɗe ƙofar ɗakin tiyata likita ya ɗauki wuƙar aiki ya tare ka, gem ɗin ba zai matsa ba sai ka danna. Zaka iya tsayawa kana kallonsa iya son ranka, ba wata hanya, da yatsanka za a yi. In ka gama sai ka ji kamar kai ma da hannunka a ciki. A siris Pedro Pascal yayi wasan da kyau, an sa kiɗa mai sanyi, cikin 'yan mintuna an wuce, kai kuma alƙali ne a gefe kana cewa ya kyauta ko bai kyauta ba. Abu biyu ne daban.

Nas 47:
Anti Hauwa kin ɓata min wlh, ban kai nan ba 😭

Hauwa M.:
Gem ɗin 2013 ne Nas, siris ɗin 2023, wa zai jira ka

Malam Sadi:
Ku bar yaro. Amma tunda ana lissafin ɓarna ba a yi adalci ba in ba a ambaci Uwe Boll ba, Bajamushen nan. House of the Dead 2003, Alone in the Dark 2005, BloodRayne, Postal, Far Cry, duk shi ne. A House of the Dead ana cikin harbe-harbe sai ya yanko hoton gem ɗin na gaske ya liƙa a tsakiya, daƙiƙa ɗaya biyu a koma kan mutane. Mutane suna ta mamaki wa ke bashi kuɗi alhali finafinan faɗuwa suke, ashe a lokacin dokar haraji a Jamus tana ba masu zuba jari a fim damar rage harajinsu, to ko fim bai ci kasuwa ba asarar ba ta kai yadda kake zato ba, sai daga baya aka toshe kafar. A 2006 da suka ta ishe shi sai ya gayyaci masu sukarsa damben boksin a Kanada, wasu suka amsa suna zaton wasa ne, mutumin kuwa ya iya dambe, ya lallasa su ɗaya bayan ɗaya. Rabin baƙin jinin finafinan gem a shekarun nan shi ya jawo.

Injiniya KB:
Malam akwai inda zan ɗan saɓa maka da girmamawa, maganar cewa in mai gem yana kan aikin sai an dace. Final Fantasy The Spirits Within na 2001 Hironobu Sakaguchi ne da kansa ya ba da umarni, shi ne uban Final Fantasy ɗin, kamfanin Square ne ya buɗe situdiyo a Hawai don shi, aka kashe dala miliyan 137 ya dawo da kusan 85, situdiyon ya rufe. Kuma ba komai na gem ɗin a ciki sai suna da wani Dakta Sid. Assassin's Creed da nake kuka dashi Ubisoft masu gem ɗin suna cikin waɗanda suka shirya shi. To iya gem daban iya fim daban. Ni abinda na lura, waɗanda suka yi nasara su ne suka ɗauki duniyar gem ɗin suka bar labarinsa. Fallout na Amazon 2024 bai maimaita ko gem ɗaya ba, sabuwar yarinya ce Lucy ta fito daga ramin ɓuya na 33 neman babanta, amma kayan, rediyon, barkwancin, har yadda take fita neman abu ɗaya wata hidimar ta ɗauke ta, duk na gem ne. Arcane kuma League of Legends biyar da biyar ne ana faɗa a fili ɗaya, ba wani labarin da za a ce an ɓata, sai Riot masu gem ɗin suka ba situdiyon Fortiche na Faransa wajen shekara shida suna aikin zangon farko, har ya ci Emmy a 2022. Cyberpunk Edgerunners kashi 10 ne kacal, sabbin mutane a tsohon birni, sai ga jama'a sun koma buga gem ɗin da suka yi wa tofin Allah tsine a 2020.

Malam Sadi:
Ban ce shi kaɗai ya isa ba Injiniya, nace ya fi a miƙa wa wanda bai taɓa kunna gem ɗin ba. Borderlands na 2024 fa? Cate Blanchett, Kevin Hart, Jamie Lee Curtis, Jack Black, an kashe sama da miliyan 100 bai tara 40 ba. Roland a gem soja ne mai ɗaure fuska aka ba ɗan barkwanci Kevin Hart, gem na manya aka tace shi don yara su shiga, 'yan gem suka ƙi zuwa, waɗanda ba 'yan gem ba basu san da zamansa ba, biyu babu.

Abba Sniper:
To kun ga. 2024 fa, ba 1993 ba. Ga Uncharted 2022, gem ɗin da shi kansa kwaikwayon finafinan neman taska yake, aka mayar dashi fim sai ya zama kwafin kwafi, Tom Holland da ya fito a jarumi Drake kamar ƙaninsa, Mark Wahlberg wai shi ne Sully ba ko gashin baki sai a ɗan guntun ƙarshe. Ya tara wajen miliyan 400 don haka za a ce ya yi nasara. Five Nights at Freddy's miliyan 20 aka kashe ya kusa 300, ku tambayi duk mai son fim ɗin tsoro ko ya ji tsoro. Minecraft kuwa abinda ya faru a sinimomin Amurka da Ingila ya isa hujja, yara suna jiran wuri ɗaya da aljanin yaro ke hawa kaza, Jack Black ya faɗi kalma biyu, sai a tashi da ihu ana watsa gugguru har wasu sinimomi suka fara kafa gargaɗi. Wannan ba kallon fim ba ne, taro ne aka je

Bash Kombat:
To taron laifi ne? Yaro ya biya kuɗinsa ya je yayi murna da abokansa. Kai a shekarunsu me kake kallo, ba dai Shakespeare ba

Ummi Zee:
Ni dai ina ga Abba da Bash ba abu ɗaya kuke aunawa ba shi yasa ba zaku haɗu ba har gobe. Wani ya faɗa min, Edgerunners ko Castlevania, wanne zan fara?

Injiniya KB:
Edgerunners, gajere ne zaki gama da wuri. Amma duka biyun kar ki kunna a gaban ƙannen nan naki, ganin katun ne ba na yara ba ne sam, jini kamar ba gobe.

Hauwa M.:
Ni Zelda nake jira in ga yadda zasu yi, tun Nuwamban 2023 Nintendo suka sanar, na mutane ne ba katun ba, Wes Ball ne darakta kuma da Sony ake yi. Link jarumin Zelda ba ya magana a gem sai ihun sara da takobi, kuma rabin daɗin Zelda shi ne ka shiga kurkuku ka tsaya kana kallon bango da wasu duwatsu kana tunanin wanne zaka tura kafin ƙofa ta buɗe, wani lokacin ka kashe gem ɗin ka kwanta amsar ta zo maka. Wannan ta yaya za a ɗauke shi a kyamara? In suka sa shi surutu 'yan gem zasu yi bore, in suka bar shi shiru awa biyu su Ummi zasu yi barci. Ni da zasu ji tawa da Zelda ɗin kanta zasu ba bakin magana da nauyin labarin, shi ya zama mai aiki da hannu.

Nas 47:
Ni dai roƙona ɗaya kar su ɗauko Jack Black. Bowser shi, Claptrap shi, Steve shi, haba ko shi kaɗai ne a garin

Bash Kombat:
A Ganon mugun Zelda zai fito, ka rubuta ka ajiye